Hawainiya a Shafin Kowa

Saura ƙiris da ban rubuta muku wannan kashin ba. Na fara na goge, na sake farawa na sake gogewa, har wayar ta yi zafi a hannuna. Ba don rubutu yana ba ni wahala ba, ko da yake yana ba ni. Abin da ya tsayar da ni shi ne, in har zan faɗa muku abin da ya faru, dole in faɗa muku sunan da ake kirana da shi a gida, ni kuwa ko a mafarki ba na son jin sunan nan.

Hawainiya. To, ga shi na faɗa.

A aji uku na firamare aka laƙaba mini shi. In malama ta ce in tashi in karanta, sai in tsaya a kan kalma ɗaya ina lallaɓa ta kamar mai tafiya a kan ƙaya. Wata rana wata yarinya a bayana ta ce, "Hawainiya ta hau layi," aji ya kwashe da dariya. Yayata ta ji a filin wasa, ta kawo shi gida don a yi raha, shi ke nan ya zauna. Bayan haka na yi wata doguwar jinya, da na warke aka ce in koma makaranta na ƙi. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka gaji. Umma ta zaunar da ni a gaban kekenta na ɗinki, a nan na girma. Har yau a gidanmu ciwon ake ɗora wa laifi.

Ga wanda bai karanta na baya ba, akwai wanda yake zuwa wurina. Labulen mahaifiyarsa ya fara kawowa a rage tsawo, daga nan sai wando, daga nan sai wata riga da na juya ta ciki da waje, ban ga abin da ya same ta ba. Dogo ne siriri mai gilashi, kullum jakar kwamfuta a bayansa kamar goyo. Shafukan yanar gizo yake yi wa mutane, shaguna da makarantu, har da asibitin da Yaya take aikin karɓar baƙi. Yaya tana ce masa Ɗan Latse. Umma kuma "yaron nan mai gilashi". Ni Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tela.

Baba ba mai yawan magana ba ne, amma kwanan baya ya yi. Yana ɗaura agogo zai fita ya ce, "Zaman falon nan ya isa haka. Ki tambayi zuciyarki ki gaya wa uwarki, mu san abin da za mu ce wa mutanensa."

Wallahi a lokacin amsata tana bakina. Kunya ce kawai ta riƙe ta.

Bari in koma baya kaɗan, don ku gane abin da ya sa.

Malam mutum ne mai dogon saƙo. In ya turo, sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa in bi shi da yatsa, in ya so in amsa da murya. Matsalar waya ita ce, da ka ɗora yatsa sai rubutun ya gudu sama ko ƙasa, ka rasa inda kake, ka koma farko. Wata rana a falo ya miƙo mini wani labari a wayarsa ya ce in duba. Na yi iya ƙoƙarina in ɓoye yatsan, amma ya gani. Ya dai gyara gilashinsa kawai.

Da ya sake zuwa sai ya buɗe kwamfuta a kan teburin da nake yanka yadi, ya ture almakashi gefe.

"Tela, in za ki sa zif, sabon keke kike saya?"

"A'a mana. Ƙafar da take danne yadi nake canzawa."

"In za ki yi gidan maɓalli fa?"

"Shi ma da tasa ƙafar."

"Yawwa! Ashe kin san aikina."

Ya ce akwai wani babban tarin rubutu da masu yin shafi suke jingina da shi, laburare suke ce masa, shi ne kamar keken. Shi kuma abin da ya fi son yi shi ne ƙananan abubuwan da ake maƙala wa laburaren ya koyi sabon aiki. Fulogin ya kira su. Ni dai na ce ƙafar keke, ya ce ya yarda.

In yana maganar aikinsa mantawa yake da shayinsa. Ya ce wanda ya iya ba ya rubuta abu don shafi ɗaya, yana yin sa ne yadda duk inda aka kai shi zai zauna daidai. Ya ce fulogin na kirki suna ɗaya yake ɗauka, da shi kowa zai kira shi. Yana da abin da zai yi in ba a faɗa masa komai ba. In ya gama aiki ya mayar da abin da aka ba shi yadda na gaba zai ɗora. Sannan, ya ɗaga yatsa kamar mai wa'azi, ba ya taɓa abin da ba nasa ba.

Na ce, "Ashe yana da tarbiyya."

Ya yi dariya har gilashin ya zamo.

Sai ya ce in karanta masa wasu layuka a hankalina, kada in yi sauri don shi. Duk kalmar da na gama sai ya danna wani maɓalli. Zufa ta jiƙa mini ɗankwali, amma ko sau ɗaya bai ƙarasa mini kalma ba, abin da kowa yake yi mini ke nan tun ina yarinya.

Zuwan da ya biyo baya ya karɓi wayata ya buɗe wani shafi. A ƙasa akwai ɗan maɓalli. Na danna, sai wani haske ya sauka a kan kalmar farko, ya tsaya, ya jira ni, ya matsa ta biyu. Doguwar kalma ya daɗe a kanta, gajera ya wuce. Shafin bai gudu ba. Ban sa yatsa ba. A shafi mai shuɗi hasken ya zama shuɗi, a mai kore ya zama kore.

'Yan uwa, a ranar na karanta labari tun daga farkonsa har ƙarshe ban ɓata ba. Bayan ya tafi na zauna a bakin gado, wayar a cinyata, ina ta kallon bango. Ban san ana iya auna mutum a yi masa abu daidai shi ba in ba riga ba.

Na ɗauka namu ne mu biyu.

Ranar da abin ya fashe, bayan maganar nan ta Baba, Gwaggo ta zo mana wuni. Tana zaune a doguwar kujera ta miƙe ƙafa, ina durƙushe ina auna mata hannun riga, allura a bakina. Sai ga Yaya ta dawo daga aiki, farar rigar asibiti a jikinta, takalmi mai tsini yana ƙwas ƙwas, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Ku zo ku gani, 'yar gidanmu ta yi suna a duniya!"

Ta ɗora wayarta a kan yadin Gwaggo. Shafin asibitinsu ne. A ƙasa ga maɓallin nan nawa, amma yanzu an yi masa zanen 'yar dabba mai naɗaɗɗiyar jela, a ƙarƙashi an rubuta kalma ɗaya. Ita kam ban sha wahalar karanta ta ba.

Yaya ta danna zanen, wani shafin ya buɗe, inda masu irin aikin Malam suke ajiye kayansu kowa ya ɗauka. Ta gyara murya kamar mai karanta labarai.

"Na yi wannan ne saboda wata baiwar Allah da take kusa da zuciyata, wadda karatu yake yi wa wuya. Saurin da aka saita shi a kai, saurinta ne. Kowa yana iya ɗauka kyauta."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Wato duniya ya tara ya gaya wa ba ki iya karatu ba?"

"Ai bai faɗi sunanta ba," in ji Umma daga bakin ƙofa.

"Bai faɗa ba?" Yaya ta juyo. Dariyar ta riga ta bar fuskarta. "Umma, a wurin aiki yau mutum nawa suka tambaye ni, ba ke ce kike kiran ƙanwarki Hawainiya ba? Ba ita ce Ɗan Latse yake nema ba? Na rasa inda zan sa kaina. Namijin da tun ba a je ko'ina ba ya baje sirrinki a kasuwa, in an je fa? Ki sallame shi kawai, Hawainiya, ni na gaya miki."

Ko a wannan maganar ma da sunan ta kira ni. Ita ba ta ji ba. Ni na ji.

Na cire allurar daga bakina na soke ta a jikin yadi, na ƙarasa awon Gwaggo, na rubuta lambar, na shiga ɗaki.

Saƙonnin Malam suka fara shigowa.

"Tela, yau shiru?"

"Na ga kin gani ba ki amsa ba."

"Yayarki ta kira ni. Don Allah ki bari in zo."

Daga ƙarshe ya turo wani da murya, abin da bai saba ba. Ban saurara ba. Abin da ya fi cin raina, na so in karanta wani dogo da ya turo a tsakiya, amma na rantse ba zan taɓa maɓallinsa ba, yatsana kuma ya ƙi ba ni haɗin kai. Hawaye ya hana ni ganin layin ma.

Washegari da la'asar ya zo. Na sa tsohuwar doguwar rigata ruwan toka wadda zare ya maƙale wa ko'ina, na yafa baƙin mayafi, ko hoda ban shafa ba. Na so ya ga ban yi masa kwalliya ba. Shi ma bai zo da jakar ba. Ban taɓa ganinsa babu ita ba, sai ya yi mini kamar wanda aka yi wa aski.

Ya zauna a bakin kujera. Na zauna a kujerar keke, na ba shi gefe.

"Tela, wallahi na ɗauka sunan shagwaɓa ne. Kullum ina jin Yaya tana kiranki da shi kina amsawa."

"In ban amsa ba in yi yaya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ga ya dace ne," ya ce a hankali. "Ita hawainiya tana tafiya a natse, kuma duk inda ta sauka sai ta ɗauki launin wurin. Shi ne ainihin abin da nake so fulogin ɗin ya riƙa yi. Na yi ta murna da sunan."

"A aji aka sa mini shi. Ranar da aka yi mini dariya. Shi ya fitar da ni daga makaranta, ba ciwo ba."

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai shi, kuma ban faɗa don in ba shi kyauta ba. Na faɗa ne don ya ji zafi. Ya kuwa ji. Ya cire gilashin ya riƙe a hannu, idonsa ya yi ƙanana.

"Kuma ka rubuta karatu yana yi mini wuya. Ka sa saurina kowa ya gani."

"Wannan kam bari in faɗa miki yadda na nufa, ko ba za ki karɓa ba. Kin tuna na ce kowane fulogin yana da abin da zai yi in ba a gaya masa komai ba? Duk abin da na taɓa gani, da mai sauri ake saita shi, mai a hankali shi zai je ya nemi inda ake ragewa. Ni na juya shi. In ba wanda ya ce masa komai, da tafiyarki yake tafiya. Mai gaggawa shi zai nema."

Maganar ta shige ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ta tarar da wata a ciki.

"Malam, kai ka ce na kirki ba ya taɓa abin da ba nasa ba."

"Na ce."

"Sunan nan naka ne? Saurin nan naka ne? Ni in mace ta kawo mini ɗinki, awonta ba na gaya wa ko ƙanwarta."

Bai kare kansa ba. Da ya yi, da na ji daɗin ci gaba da faɗa.

"Ban tambaye ki ba," ya ce. "Na yi laifi."

"To ka cire."

"Bayanin, yau ɗin nan zan goge shi. Sunan ne..." Ya murza goshi. "Mutane da yawa sun ɗauka. Makarantu, wani shagon magani, asibitin su Yaya. Kowane shafi da sunan yake kiransa. Zan iya ba shi sabon suna in bar tsohon a ɓoye yana aiki, amma yana nan ke nan. In kuma na cire shi gaba ɗaya, duk shafin da ya ɗauki sabon zubi zai kira, ba mai amsawa. Maɓallin zai mutu har sai mai shafin ya gyara, wasu kuwa ba za su taɓa gyarawa ba."

"Wato ba ya ciruwa."

"Yana ciruwa. In kin ce in cire, gobe da safe zan cire, ko me zai lalace. Naki ne. Tun farko ma naki ne."

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai tambayi ɗaya maganar, wadda Baba yake jira. Bai tambaya ba. Ya ce in gaida Umma.

Na daɗe a kujerar keke ina juya ƙafar zif a hannuna. Zuciyata ta ce a cire, kowa ya rasa, ai ni ma na rasa. Wata zuciyar ta ce, ko an cire, waɗanda suka sani sun sani.

Bayan magariba na je ɗakin Umma in karɓo zare. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Tana zaune a kan darduma ba ta tashi ba, gilashinta na ɗinki a kan hanci, waya a hannu, leɓɓanta suna motsi. Na ɗauka addu'a take. Da na matso sai na ga shafin asibitin su Yaya ne, wurin da aka yi bayanin maganin hawan jininta, hasken nan yana tafiya kalma bayan kalma.

Umma makarantar manya kawai ta ɗan taɓa, bayan ta haife mu. Takardar magani kullum Yaya take karanta mata, cikin sauri, tana duba agogo.

Ta gan ni, ta kifa wayar a cinya kamar yarinyar da aka kama da sukari.

"Ashe ba a haɗa shi da wancan na ciwon gwiwa," ta ce. "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Na zauna kusa da ita.

"Ni ma ban ji daɗin abin da ya yi ba," ta ce. "Ya kamata ya tambaye ki. In kin ce a kashe, a kashe, ba mai ganin laifinki. Amma dai ki bari in ƙarasa wannan shafin tukuna."

Na yi dariya, hawaye yana zuba.

Ta ɗago wayar ta sake dannawa, ta bi layi ɗaya, ta tsaya, ta yi tsaki.

"Da gaske wai saurinki ne wannan?"

"Haka ya ce."

"To kin cika sauri, 'yar nan. Kafin in gama haɗa kalma kin wuce. Kuma in ya wuce ba ya dawowa, sai in koma farko."

Kin cika sauri. Tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Na kalli hasken yana tafiya, a karon farko ban ga yarinyar nan ta aji uku ba. Na ga wata tana gaba, Umma tana bin ta a baya. Sai na yi tunanin ko su waye kuma, a shagon maganin nan, a makarantun nan, suke rufe ƙofa su danna.

Ban yafe masa a wurin ba, kada ku ɗauka haka. Abin da ya yi ya yi. Amma na gane fushina kashi biyu ne, kuma kashi ɗaya kawai nasa ne.

Da safe, bayan na share ɗakin ɗinki na sa wa keke mai, na ɗauki waya. Yatsana ya tafi kan maɓallin murya yadda ya saba, na janye shi. Na rubuta da hannuna. Shayina ya huce kafin in gama, kuma na san akwai kuskure a ciki, ban gyara ba.

"Malam ina kwana. Ka bar sunan. Ka goge maganar tausayin. Ka sa yadda mutum zai taɓa ya koma baya kalma ɗaya, kuma a iya rage sauri, don akwai waɗanda na fi. Ɗaya maganar kuma ba zan ba Umma amsa ba sai ka zo ka tambaye ni da bakinka. Wannan karon ka fara tambaya."

Na tura, na kifa wayar a kan yadi.

Sai ga Yaya ta leƙo, ɗan kunne ɗaya a kunne ɗaya a hannu, ta makara kamar kullum.

"Hawainiya, ina kika kai dutsen guga?"

Na ɗago na kalle ta.

"Yaya, sunan nan ya samu aiki, ya bar gidan nan. In kina nemansa yana shafin asibitinku. Ni ki kira ni da wanda Baba ya sa mini."

Ta tsaya baki buɗe. Ta fara dariya, ta ga ban yi ba, ta daina. Ta daɗe tana juya ɗan kunnen. Sannan ta kira sunana, a hankali, yana yi mata nauyi a baki kamar sabon takalmi.

"Na'am," na ce. "Yana bayan ƙofa."

A ƙarƙashin hannuna wayar ta yi motsi, ta sake yi. Ban buɗe ba. Na zura zare a allura, na ɗora rigar Gwaggo, na taka keke. Bari Malam ya jira ni in gama wannan layin.